Kafin Ka Naɗe Tabarmarka Ka Koma Ƙauye, Ji Labarin Duza

Tun daga watan Mayu na 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, zaman birni ya yi wa talaka nauyi ƙwarai. Kuɗin haya ya hau, kuɗin mota ya hau, mudun hatsi kuwa ba a magana. Saboda haka aka fara jin wata magana a bakin mutanenmu da ke Gusau da Sakkwato da Kano, watau, "Ni dai zan koma ƙauye in kama noma." Waɗansu leburori ne, waɗansu masu gadi, waɗansu kuma samari ne da suka gama makaranta aiki ya ƙi samuwa. A gefe guda kuma akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka ba su takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauye, suna ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis suna neman wanda zai soke musu ita. Wannan yana gudun birni, wancan yana gudun ƙauye, dukansu biyu kuwa ba su tsaya sun tambayi yadda ƙauyen yake ba.

Ni dai a ganina komawa ƙauye abu ne mai kyau, ƙauyukanmu na yammacin Zamfara kuwa suna bukatar masu komowa fiye da yadda suke bukatar buhunan taki. Amma ina nufin mai komowa da niyyar zama, wanda zai sha ruwan da mutanen gari suke sha, ya taho da ɗan sanin da ya samo a birni, ya kuma yarda cewa akwai abin da zai koya. Domin in nuna dalilina, bari in tuna wa masu karatu abin da ya faru a Duza da maƙwabtanta.

Duza ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Anka. Kafin 2010 da wuya ka sami mutumin Gusau da ya taɓa jin sunansa. Mutanen wannan yanki manoma ne, gero da dawa da gyaɗa da wake, amma akwai zinariya a cikin duwatsunsu. Bayan 2008 farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, sai magidanta da samari suka duƙufa ga haƙa, gama abin da mutum zai samu a rami cikin 'yan kwanaki yakan fi abin da gona za ta ba shi a wata. Sukan kwaso duwatsun a buhuna su kawo cikin gari. A farfasa da guduma, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Mata ma sukan taya dakawa a turmi. Abin da ba a sani ba shi ne, duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a kan tabarma, a kan ƙwarya, a kan ƙasar da yaro mai rarrafe yake ɗiba ya kai baki.

Sai yara suka fara amai da farfaɗiya suna mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suka zo neman masu ciwon sanƙarau, suka lura cewa sababbin kaburburan yara sun yi yawa, kuma maganin zazzaɓi ba ya yin komai. Da aka aika da jini waje aka auna, sai aka ga gubar dalma ce. Masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka tarar cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya cikin kowane huɗu ya rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu a ƙasashen Anka da Bukkuyum ta kai 400 ko fiye, ban da dubbai da gubar ta shiga jininsu. Ƙauyukan da aka fi ambata su ne Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum.

To, mai karatu, ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Cewa dalma guba ce ba sabon labari ba ne. Yana cikin littattafan likitoci tun kafin a haifi kakanninmu, saboda shi ne ma ƙasashen duniya suka daina zuba ta cikin man fetur, da yawa daga cikinsu kuma suka hana zuba ta cikin fenti. Sanin yana birni, ƙurar tana ƙauye, tsakaninsu kuwa akwai muguwar hanya da ba mai son bi. Da a ce a kowane ɗaya daga ƙauyukan nan akwai ma'aikacin lafiya ɗaya mai kwana a garin, ko malamin makaranta mai rubuta sunayen yara, ko malamin gona da ke shiga lungu-lungu, da wuya a binne yara goma cikin wata guda ba tare da labari ya kai Anka ba. Ba sai ya san dalma ba. Ya isa ya iya ƙidaya, ya iya rubuta takarda, ya san ƙofar da zai kai ta.

Akwai kuma ɗaya gefen maganar, wanda mu masu ɗan ilmin boko ba mu cika son ji ba. Mutanen ƙauyen sun ga alamu tun kafin likitoci su gani. Daga baya sun ba da labari cewa tun farkon shekarar agwagi suka fara ɓacewa daga garuruwansu. Agwagwa tana kiwo a bakin kududdufin da ake wanke niƙaƙƙen dutse, ita ce ta fara shan gubar. Sun lura, amma wa za su gaya wa? Har bayan da abin ya bayyana, tsoron kada a hana su haƙar zinariya ya sa waɗansu suka yi shiru a kan mutuwar 'ya'yansu. Kada mu yi saurin zarginsu. Mutum ba ya buɗe cikinsa ga baƙon da ya sauko daga mota da safe zai koma kafin la'asar. Yakan faɗa wa maƙwabcin da suka yi jana'iza tare, suka yi gayya tare, wanda ya san in abu ya ɓaci shi ma yana cikinsa.

Da aka zo gyara ma haka abin ya kasance. Ƙwararru sun zo daga Amurka da na'urar auna ƙasa, amma aikin kansa da fartanya da shebur da buhu aka yi shi, da hannun mutanen yankin. Aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka kwashe aka binne a manyan ramuka bayan gari, aka kawo sabuwar ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Dole a yi haka kafin a ba yaro magani, gama in an wanke masa jini ya koma ya zauna a ƙasa mai guba, an yi aikin banza. Aka fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sa'an nan Duza da sauran huɗu daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira kuɗin gwamnati har 2013. Fitar da injinan niƙa daga cikin gari kuwa, sai da sarakuna da masu gari suka sa baki ya yiwu. Ba takardar ofis ce ta yi shi ba.

Mun daɗe muna gwada raya karkara daga nesa. A 1976 aka yi shirin ciyar da ƙasa na zamanin Janar Obasanjo, a 1980 aka yi na zamanin Shugaba Shagari, kowanne da motocinsa da lasifikarsa da hotunansa a bango. Waɗanda suka ga zamanin sun ce an sha jawabi. Mota ta tafi, ƙura ta kwanta, manomi ya koma ga abin da ya sani.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Zai ce, "Malam, kana maganar komawa ƙauye, alhali kuwa mutanen ƙauyen su ne suke gudowa?" Haka ne. 'Yan bindiga sun tashi garuruwa da yawa a wannan yanki. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a Jihar Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako. A farkon Janairu na 2022 aka kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa. Garin Anka ya karɓi dubban 'yan gudun hijira. A wurare da dama an sa wa manoma haraji kafin su yi shuka, an sake sa musu kafin su yi girbi. Wanda ya ɓoye wa mai niyyar komowa wannan ya cuce shi.

Don haka ban ce kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi daji gobe ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da na ce shi ne, ƙauye ba ɗaya ba ne, halin da ake ciki kuwa yakan sāke daga wata zuwa wata, daga wannan hanya zuwa waccan. Labarin da za ka dogara da shi ba na rediyo ba ne kaɗai. Ka tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, ka tambayi uban ƙasa da mai gari, ka tambayi matan da suke kawo kaya ranar kasuwa. In mutanen gari da kansu ba sa kwana a ɗakunansu, kai ba ka da abin yi a can tukuna. Ka fara sauka a babban gari kamar Anka ko Gummi ko Bukkuyum, kana shiga ƙauyen kana fitowa, har masu masaukinka su ce maka lokaci ya yi. Wanda kuma yake aika ma'aikaci, ko hukuma ce ko ikkilisiya, ba daidai ba ne ya zauna a Gusau ya tura ɗan mutane inda shi kansa ba zai yarda ya kwana ba. Ya je ya gani da idonsa, ya samar masa ɗaki, ya biya shi albashi a kan kari, ya kuma ba shi izinin janyewa ran da hankalinsa bai kwanta ba, ba tare da an kira shi matsoraci ba.

Amma fa in duk masu karatu da rubutu suka bar ƙauye har abada saboda tsoro, ran da aka sami lafiya wa zai buɗe makarantar, wa zai buɗe ɗakin shan magani? Ƙauyen da aka bari ba malami ba likita shi ne wanda ya fi sauƙin ba da samarinsa ga rami ko ga daji.

Yanzu ga wanda ya bincika ya ga hanya a buɗe take. Abu na farko shi ne lokaci. Mutanen birni sukan taso sa'ad da suka ji an yi ruwan farko, su iso a watan Yuni hannu biyu, ba gona, ba iri, ba rumbu. Wannan shi ne lokaci mafi muni, gama kowa ya riga ya share gonarsa, hatsi ya yi tsada, ba mai sararin sauraron baƙo. Ka zo da kaka, wajen Nuwamba ko Disamba. Hatsi yana da araha, ƙasa ta bushe ana iya gini, manoma suna da lokacin hira, kai kuma kana da wata biyar ko shida na neman gona da tara takin gida. Ka lissafa abincinka tun daga farko. Gidan da yake cin tiya ɗaya kullum, buhu mai tiya 40 kwana 40 zai yi masa. Daga shuka zuwa sabon gero wajen wata uku ne zuwa huɗu, watau buhu uku ke nan na damina kaɗai, ban da na rani, ban da na baƙi. A birni kuɗi yakan shigo kowane wata ko kowace rana, a gona kuwa sau ɗaya ne a shekara, in Allah ya ba da ruwa. Wanda yake da sana'ar hannu, ɗinki ko gyaran babur ko gyaran famfon rijiyar burtsatse, kada ya sayar da kayan aikinsa domin ya sayi taki. Su ne za su riƙe shi a shekarar farko.

Batun gona kuwa a yi shi a fili. Ko aro ne, ko haya, ko jingina, ko saye, a yi gaban mai gari da shaidu, a zaga iyaka da ƙafa, a rubuta. Wanda ya komo garinsu yana cewa gonar ubansa ce, ya tuna akwai ɗan'uwan da ya yi shekara ashirin yana nomanta yana zuba mata taki. A zauna da dattawa tun da rani, kada a bari sai ranar shuka. Ka kuma yi hattara da gonar da aka miƙo maka da sauri ba ciniki. Sau da yawa ƙuduji ya cinye ta, ko kuwa tana kan burtali. Ka je ka dube ta tun karan dawa yana tsaye, gani ya kori ji.

Wurin gina gida ma sai an tambaya. Masu sha'awar fadama su tuna da ambaliyar da ta ci gidaje masu yawa a Gummi a watan Agusta na 2024. Tsofaffin gari sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa, kuma ba sa karɓar kuɗi kafin su faɗa. A ƙauyukan zinariya akwai tambaya ta biyu: an taɓa niƙa dutse ko shanya shi a wannan gida? Daga ina aka ɗebo ƙasar da aka yi tubali? Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ido ba ya ganinta. Tana nan inda aka bar ta har sai an kwashe.

Wannan magana ba ta wuce ba, gama gwajin da ya kama Duza yana nan yana jiran mai komowa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a Disamba na 2024. Farashin zinariya, wanda yake wajen dala 1,200 kowane oza a 2010, ya haura dala 3,000 a 2025. Saurayin da ya komo da niyyar noma, in ya ga sa'o'insa suna sayen babura, ba zai daɗe yana kallo ba. Ni ban ga amfanin yi masa wa'azin ya bari ba, tun da ba ni zan ciyar da gidansa ba. Abin da zan roƙe shi shi ne: kada dutse ya shigo gari, kada a niƙa shi da injin da ake niƙa hatsi, a jiƙa shi a niƙa da ruwa domin ƙura ta kwanta, ya yi wanka ya sāke tufafi a wurin aiki kafin ya ɗauki ɗansa, yara da masu ciki kuwa kada su kusanci wurin. A 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara wajen 28 suka rasu, shekara biyar kacal bayan ta Zamfara. Labarin bai isa can ba, ko kuwa ya isa ba wanda ya zauna ya maimaita shi.

Sa'an nan a yi shawara da uwargida, shawara ta gaskiya. Miji yakan ga gona da iska mai daɗi, amma ita ce za ta ja ruwa a rijiya, ta nemi itace, ta yi naƙuda nesa da asibiti. In ba ta yarda ba, zaman ba zai yi nisa ba. In kuwa ta yarda, sau da yawa ita ce za ta fi mijin amfani ga garin. A ƙauyukanmu namiji baƙo iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin gida. Ƙurar da ta kashe yaran Duza kuwa a tsakar gida take, inda mace ce kaɗai za ta gani. Macen da ta yi ko da firamare ce, wadda ta san haɗa ruwan gishiri da sukari, ta san ranar riga-kafi, tana shiga suna da biki, ita ce za ta fara jin cewa yaran unguwa kaza suna suma.

Abin da ya rage shi ne hali. Yawancin maƙwabtanka Musulmi ne, ka girmama lokacin sallarsu da azuminsu, ka yi sallama ka jira a amsa. Ka je gaisuwar mutuwa ko ba ka san mamacin ba. In an kira gayya ka fito da fartanyarka, ko da za a yi maka dariyar yadda kake riƙe ta. Ka rage faɗin "a Kano ba haka muke yi ba." In ka zo da sabon iri ko sabuwar dabara, kada ka tara mutane ka yi jawabi. Ka raba gonarka biyu, rabi yadda suka saba, rabi yadda ka koyo, ka bar masu wucewa su yi ta kallo har kaka. In naka ya fi, su da kansu za su zo neman iri. In nasu ya fi, ka tambaye su dalili, gama manomin da yake shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya ya san shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kai kuwa ba ka gan ta ba tukuna. Haka ma buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake ba tare da magani ba: ka cika naka ka ɗaure, ka kwance shi gaban mutane a watan Mayu.

Ka kuma sayi ɗan littafi na rubutu tun ranar da ka sauka. Ka riƙa rubuta ranar ruwan farko, farashin tiya kowace kasuwa, haihuwa da rasuwa a unguwarku, da dabbobin da suka mutu ba dalili. A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin Jihar Zamfara, saboda haka lura da yaran waɗannan ƙauyuka ta koma hannun 'yan ƙasa. In ka ga yara biyu ko uku sun yi farfaɗiya a mako ɗaya, maganin zazzaɓi kuwa bai yi musu aiki ba, ka sanar da mai gari, ku ɗauki littafin ku tafi babban asibitin da ya fi kusa, ku ce a auna musu dalma a jini.